Borin Ƙarshe

Kawuna mai yi wa dabbobi allura ne a ƙauyukan bayan duwatsu. Babu abin da ke kai shi can sai babur ɗinsa na hawan tudu, irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai.

Da injin ya gaji, ya kai silinda wurin mai bori, wato mai faɗaɗa cikin silinda da inji. Mutumin ya saba da injin mota, sai ya faɗaɗa cikinta sumul amma bai goge bakin ramukan hayaƙi ba. Kaifinsu ya kama ringin fistin ya karya, ya karce silindar. Yanzu bori ɗaya ya rage mata kafin ta ƙi gyaruwa, kuma ba a samun irinta.

Tun daga nan Kawu yake yawo da ita a ƙunshe cikin tawul, daga shago zuwa shago. Duk wanda ya ce masa "Kawo, duk inji ɗaya ne," sai ya naɗe kayansa.

"Ka yi mata suna mana, tunda goyo kake," in ji matarsa.

Maigidansa a wurin aiki ya ce tunda ba babur, zai ba wani ƙauyukan. A makon ne na raka shi wurin wani tsoho da ya san aikin, amma tsufa ya sa hannunsa na rawa.

"Borin a yi a maƙwabta, ɗana. Gugar ramukan kuwa, ni baki, kai hannu."

Ya miƙa masa siririn magagari. Kawu, da bai taɓa tsoron harbin bijimi ba, ya riƙe shi yana zufa.

"Baba, in na zarce fa?"

"Ƙarfe ba ya tsirowa. Fara a hankali."