Anti Lamba da Hannun Mai Gasa Burodi

Kullum da safe, kafin likitoci su iso asibitin fata, Anti Lamba ta riga ta shige ɗakinta da ke bayan ma'ajiyar magani, ɗakin da ko taga babu, sai fanka mai ƙara. Ta ajiye filas ɗin shayi, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta duƙufa. Aikinta shi ne ta karanta abin da likita ya rubuta a kan majinyaci ta mai da shi lamba, domin kamfanin inshora bai san ƙaiƙayi ko makero ba, lamba kawai ya sani. Nan ta samo sunan, ya bi ta har ta yi furfura.

A ciwon fata, aiki guda yana iya zama magani, yana iya zama kwalliya. In magani ne inshora ta ɗauka, in kwalliya ne majinyaci ya ji da kansa. Likita kuwa, da layi har waje, kalma biyu yake rubutawa ya wuce. Shi ya sa Anti ba ta iya zaman kujera. Sai ka ji ƙarar silifas ɗinta a baranda, ta leƙa ɗakin duba marasa lafiya.

"Likita, wannan tsiron da ka cire, yana zubar da jini?"

"Sosai ma, Anti."

"To rubuta mana, don Allah. Ni ba boka ba ce."

Ma'aikatan jinya har kwaikwayonta suke yi. Amma kada ka ɗauka ana iya lallaɓa ta. Wata hajiya ta taɓa kawo mata turare don a mai da gyaran fuskarta magani. Anti ta shinshina, ta yaba ƙamshin, ta mayar mata da abinta.

Sai aka kawo manhajar ƙirƙirarriyar basira. A faɗi gaskiya, ko da ɗaci: abin ya iya aiki. Tulin takardun da kan kai Anti la'asar, kafin shayinta ya huce ya gama, ba ya gajiya, ba ya ciwon baya. Manaja ya ce ta zauna ta duba masa kurakuransa na ɗan lokaci, daga nan ta je ta huta. Ita ta koyar da magajinta da hannunta, ba ta ɓoye masa komai ba. Abu ɗaya ne ya gagara koyarwa, manhaja ba ta da ƙafar zuwa ɗakin likita.

Ana cikin haka ta ga wani magidanci a baranda yana kokawa da murfin gorar ruwa, ya kasa buɗewa. Mai gasa burodi ne, tanda ta ƙone masa hannun dama, tabon ya warke ya naɗe yatsun.

"Bawan Allah, yaushe za a yi maka aikin?"

"Sun ce inshora ta ƙi, Anti. Wai kwalliya ce." Ya ɗaga hannun, ya yi 'yar dariya. "Ni da ko kwaɓi ba na iya murzawa. Maigidana ma ya fara gajiya da jira."

Ta koma ta duba. "Gyaran tabo" likita ya rubuta, manhaja ta ba shi lambar kwalliya ta tura. Ba ta yi ƙarya ba, tambaya ce kawai ba ta yi ba. Anti ta tare likita ya ƙara abin da ya gani da idonsa, ta ɗaukaka ƙara, ta yi ta kiran kamfanin har muryarta ta dushe. Ranar sallamarta ta zo amsa ba ta zo ba. Aka ba ta agogon bango da lemo, ta fita.

Amsar ta iso bayan tafiyarta, an amince. Manhaja ta tura wa mutumin saƙo, layinsa a kashe, kuma babu wanda aikinsa ne ya damu. Da wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mata, Anti ta yafa mayafi ta nufi gidan burodin da gwiwarta mai ciwo. A bakin tanda ta tarar da wani sabon mutum. An sallami mai tabon, ya tashi daga ɗakin haya, ba wanda ya san inda ya nufa. Ta daɗe tsaye cikin zafin tandar.

Anti, ke ce mai tashi ki tambaya. Ke ce wadda majinyata suka warke a kan ƙafafunki ba tare da sun san fuskarki ba. Zuciyarmu ta yi nauyi da tafiyarki, kuma mun ji kunyar agogon nan. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar gwiwa.

Ku da kuka rage gaban kwamfuta, ku riƙa tashi kuna tambaya kamar yadda ta yi. Kai kuma mai karatu, in ka san wani mai gasa burodi da yatsun damansa suka naɗe, ka gaya masa an amince da aikinsa, ya koma asibiti. Har yau Anti tana bin gidajen burodi tana cigiyarsa.