Ginshiƙin Muttaƙa da watan da ke rawa

Muttaƙa na Tsarnawa gyaran injin ban-ruwa ya yi duk rayuwatai, kuma abin da ya tsana a duniya shi ne abu ya girgiza. Da tsuhwa ya zo, yanar ido ta cinye mishi na hagu, likita kuma ya ce na dama ma shina kan hanya. A shekaran nan ɗanshi Rabilu ya aiko mishi da madubin kallon taurari daga Yamai, wani dogon bututu mai ƙahwa uku kamar shamuwa. Muttaƙa ya rantse sai ya ga ramukan da anka ce akwai a jikin wata kahin idon ya ruhe.

Bayan magariba ya kahwa shi a tsakar gida, ya leƙa. Wata na ta rawa.

Ya ce laihin manyan motocin titi ne. Ya haƙa rami har sai hularshi kaɗai ake hange, ya zuba tsakuwa da siminti da ƙarhe, ya tada ginshiƙi iya ƙirji. Ya zagaye gindin da rairayi da tsohuwar taya don motsin ƙasa ya mutu a hanya. Ginin bai gama shan iska ba Jaje, Bafillacen da ke kawo musu nono, ya shigo ya ɗaure bijiminshi a jiki.

"Malam, ban taɓa ganin turke mai kyawun wanga ba."

"Turken ubanwa? Kwance shi! Na wata ne!"

Jaje ya dubi sama, ya dubi tsoho, ya kwance sanshi ya ja shi waje.

Anka ɗora madubi. Wata na rawa.

Sai ya juya kan matatai Nasiba, ya ce taɓaryarta ce ke motsa ƙasa. Ya hana daka a gidan, ya bi maƙwabta gida gida shina roƙo a bar daka bayan magariba. Unguwa ta kwana biyu tana cin tuwo da wuri saboda wata. Ya ɗora ƙwaryar ruwa bisa ginshiƙin, ruwa ya kwanta lumui, ko ƙuda ya sauka sai an gani. Ya leƙa. Rawa dai.

Ran nan ya zauna a ƙasa, idon shina ruwa, ya ce shi ke nan, ya makara.

Nasiba ta aje ludayi. "Malam, tashi ka sake leƙawa, ni kai zan kalla."

Ya duƙa. Ginshiƙi tsaye ƙyam, madubi tsaye ƙyam, kan Muttaƙa kuwa shina kaɗawa kamar na ƙadangare, yadda ya ke yi tun bara waccan, babu mai hwaɗa mishi.

"Ka haƙe mini gida, ka zagi san mutane, ka hana gari daka. Kan naka wa zai zuba mishi siminti?"

Ta zo ta bayanshi, ta kama kan da hannu biyu, irin riƙon da take yi wa tulu, ta danna idon ga bakin madubin.

Ya ƙura ido. Can ya ce, "Nasiba, ya tsaya. Wallahi duk ramu ne, ya hi hanyar Alela lalacewa!"

"To gani da sauri, tuwona na kan wuta."

Bai yi sauri ba. Tuwon ya ƙone, ita kuma ba ta saki kan ba.