Ragon Suna da Ruwan Masai

Jama'a, yau na sa an fasa min banɗaki a banza, kuma gobe suna a gidana!

Tun shekaranjiya ruwan cikin masan zama yake janyewa, ga wari. In zuba bokiti, in dawo babu. Na ɗauko mai gyaran famfo daga Sabon Gari.

Ya ce, "Oga, bututun ƙasa ya tsage."

Na ce, "Fasa."

Ya farfasa siminti, bututu lafiya lau. Muna tsaye sai ga ragon suna ya tsinke igiya, ya tura kai cikin masai yana sha. Ashe shi ne yake ta shanye ruwan!

Na kira Malam, ya ce, "Sai ka killace shi kwanaki kafin yanka."

Surukaina suna hanya. Ba banɗaki, ba rago. Don Allah, wa zai ara min ko ɗaya?