Garantin da bai san hanyar gona ba

Jama'a, yau ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na ɗaga murya a ofishin mutane!

Ƙarfe tara da kwata muka isa kamfanin da ya sayar wa Baba keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku. Ko wata biyu bai yi ba injin ya buga, ga riɗinmu yashe a gona a Kademi, awaki na ta ɓarna. Tun daga Gaya muka ɗoro shi a mota har Kano. Baba ya tafi da ni saboda Turanci.

Matar da ke karɓar baƙi ta ce, "Ku jira injiniya." Ko kallonmu ba ta yi ba, tana ta danna waya. Sai bayan azahar ya fito! Ya leƙa ƙarƙashin keken, ya lakato jar ƙasa da yatsa.

"Alhaji, gona kuka shiga da shi?"

Baba ya ce, "To ɗaurin aure zan kai shi? Don gona na saya."

"Shi ke nan, garanti ya faɗi. Namu na kan kwalta ne."

Kai! Na nuna masa ƙaton hoton tallansu a bango: irin kekenmu sak, a tsakiyar gona, shaƙe da buhuna. Na ce, "Yallaɓai, wannan fa?"

Aka kira manaja. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya gyara hula.

"Ƙanwata, ai wannan a tsaye aka ɗauke shi. Kin ga yana tafiya?"