Safar Hannun Hagu

Mamata ta tsufa tana saƙa wa jariran unguwarmu a Kafanchan hula da safa, amma ni 'yar cikinta ta kasa koya mini. Bahaguwa ce ni. Da na ɗauki tsinken saƙa da hagu sai ta buge mini bayan hannu da nata.

"Hagu ba ya ci, ba ya gaisuwa, ba ya saƙa," in ji ta. "Kar ki ba ni kunya a zumuntar matan coci."

Na yi zuciya na bar mata kayanta. Sai a makarantar kwana a Kwoi na koya wajen wata Bafulatana 'yar ajinmu, wadda ba ruwanta da hannun da mutum ya ɗauka. Ban taɓa gaya wa Mama ba. Taurin kai dai ba a ƙasa na tsince shi ba.

Daminar da ɓarin jikinta na dama ya shanye, na dawo gida jinya. Ta ƙi ci da hagu. In na ajiye mata kunun acca sai ta juya fuska bango, sai dai in ba ta a baki, cokali biyu ko uku, ta ce ya isa. Tana ramewa a kan idona, tsoro kuma ya kama ni sosai.

Watan Agusta ne, ruwa ba ya ɗaukewa. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan dutsen Kagoro, yini guda ba ka sanin safe ne ko yamma. Hannun nan da ya shanye kullum sanyi ƙalau kamar bayan randa. Ran nan na jawo babban gwangwanin madara daga ƙarƙashin gadonta, inda take tara ragowar ulu. Dunƙule-dunƙule ne ƙanana, wani bai fi goro ba. Na zauna a gefen gadon, na ɗauki tsinke da hagu a gabanta.

Idonta na kan zaren.

Shuɗin ya ƙare bayan layi huɗu, na ƙulla ja.

"Na 'yan biyun mai citta ne wannan," ta ce, harshenta da nauyi.

Na ƙulla kore, ta ce na ɗan fasto ne, wanda yanzu har ya yi sanƙo. Ruwan na dukan kwano a hankali, ɗakin na ƙanshin man kaɗanya, ni kuwa ji nake jariran unguwar nan duka sun dawo sun zazzauna a bakin gadon da hulunansu. Wani fari mai laushi ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce nawa ne, na ranar da aka kai ni coci.

Kwana uku na gama. Safar hannu ce mai sauƙi, ba yatsu, da kafa ɗaya ta babban yatsa, don in riƙa shafa mata mai ba sai na cire ba. Guda ɗaya na yi, ta hannun dama. Na sa mata. Ta juya ta da hagunta, tana bin ɗinkin layi-layi da farce, irin binciken da take wa aikin 'yan koyo. Na shirya jin faɗa.

"Duk saƙan ya kwanta baibai," ta ce. "Amma bai yi sako-sako ba."

Can ta ɗago hannun hagun ta miƙo mini.

"Shi fa? Shi ba ya jin sanyi?"

Na zagaya wuyan hannun da zare ina aunawa, hawaye na zuba a kan ulun.

"Bar kukan nan," ta ce. "Ki bar masa yatsu a waje. Ki miƙo mini cokalin."