Hawainiyar Goggo Kaltumi

Jama'ar Djamboutou, a kashe moto, a rage rediyo. Ga Hadje Kaltumi Malum, sarauniyar kasko, wadda farar da ta soya ta fi mutanen Garoua yawa. Ƙanwar babana ce, goggona ni Ziyad, wanda makarantar lekol ta sallama ba tare da an yi musafaha ba.

Goggo tana zaune a gidan haya mai ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kunnuwa kuwa ko ina. Mijinta ya rasu, ɗanta Mahfuzu yana Kousséri, sai ran Sallah ake jin muryarsa. Da yamma takan kafa kasko a ƙofar gida, matan kartiye, wato unguwarmu, da 'yan moto masu haya da babur su yi layi. Haka take rayuwarta har ranar da aka sauke mata damin itace daga hanyar Mayo-Oulo, ta kwance, ta tarar da hawainiya a maƙale, ƙafa ɗaya a karye.

Wata macen taɓarya za ta nema. Goggo zani ta sa ta ɗauke ta, ta shige ɗaki, don ta san mutanenta: mai sayar da abinci da aka gani da hawainiya, an gama magana, asirin jan kasuwa ne. Ta kife ta da kwando a ƙarƙashin gado, ta aje mata ruwa a murfin kwano, ta zuba mata fara soyayya mai yaji, irin ta manyan kwastomomi. Ta sa mata suna Hidaya, sunan da ta tanadar wa 'yar da Allah bai ba ta ba. Ni kaɗai na sani, don na shiga neman ragowar fara na ji ta tana hira da ƙarƙashin gado.

Da zafin Afrilu ya kankama ta aiko a kira ni. Ta ɗaga kwandon. Hidaya ta yi baƙi kamar gawayi, idanu sun faɗa ciki, na miƙa mata tsinke ta kasa riƙewa.

"Ziyadu, ba ta ci, ba ta sha. Na canza mai, na rage yaji, har da ƙuli na gwada."

"Goggo, ai an ce iska suke ci. Ƙila ta ƙoshi."

"In ba ka da abin faɗa, rufe min baki."

Ta mayar da kwandon a hankali. Na haɗiye sauran wasan, na hau moto zuwa Poumpoumré na ɗauko Aimé, wanda muka zauna benci ɗaya da shi a lekol, yanzu yana taya wani likitan dabbobi aiki. Ya durƙusa ya duba Hidaya, ya taɓa muƙamuƙinta, ya ce ya yi laushi. Da Fulatanci gauraye da Faransanci ya yi wa Goggo bayani.

"Mama, wannan ba ta cin abin da ya mutu, sai mai motsi. Ba ta shan ruwa a kwano, sai ɗigon da ke kan ganye. Ƙashinta kuma ya yi laushi ne don ba ta ganin rana. Kejin raga take so mai shan iska, da rassa, da ranar safe kafin zafi ya taso, sannan inuwa. Zan ba ki garin kalsiyom ki riƙa barbaɗa wa farar. Ƙafar kuma kada a ɗaure ta da komai."

"Taga ba ta isa ba, ɗana?"

Tagar Goggo bango take kallo. Aimé ya girgiza kai. Ya ce ko an yi duk wannan bai yi alkawari ba, amma in ta ci gaba da zama a ƙarƙashin gado, ba za ta ga damina ba.

Goggo ta zauna bakin gado. Rana a gidan nan wuri ɗaya take sauka da safe, gefen famfo, inda kowa ke wucewa.

Na haɗa keji da ragar waya da rassan gwaiba. Washegari Goggo ta saka Hidaya a ciki, ta ɗauko shi da kanta ta dire a gefen famfon, ta tsoma hannu a ruwa tana yayyafa wa ganye. Hafsatu ta ɗakin kusa ta fito da bokiti, ta tsaya cak.

"Hadje, ashe da ma haka ne? Shi ya sa layi ba ya yankewa."

"Ba ta da lafiya ne, Hafsatu."

Kafin la'asar labari ya gama kartiye. Da yamma Goggo ta soya fara kamar kullum, 'yan moto suka riƙa wucewa suna duban wani gefen. Tire ya koma ɗaki a cike, haka ma kashegari. Na ce mu kai Hidaya gidan Aimé, a ce ta gudu. Ta ce Hidaya ba ta saba da hannun kowa ba.

Yanzu matar da ke soya fara buhu-buhu tana bin ciyawar bakin Binuwai da sassafe, nesa da gonakin da ake wa feshi, tana kama ta ɗaya-ɗaya, gwiwoyinta na ƙara. Hidaya ta fara lasar ɗigon ruwa, amma har yau ba ta harba harshe ba. Goggo takan riƙe fara mai rai a gabanta har hannu ya gaji, ta canza ɗayan.

Yau da safe na same ta a haka, idonta ja. Na tsaya a kanta na gyara murya.

"Goggo, ni zan rubuta tarihinki. Garoua kaf sai ta san macen da ta ba da kasuwarta saboda hawainiya."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Matsa. Ka tare mata rana."