Ranar da Baba Ya Ɗauki Taɓarya

Har yau in na ji warin baƙin mai ya gauraya da ƙamshin sabuwar dawa, sai in ga kaina ina yarinya a gidanmu na bayan Tsiga. Haka rigar Baba take wari. Soja ne a rundunar masu gina gada da gyaran injuna, kuma da ya dawo daga yaƙi sai ya kama aiki a gidan gurzar auduga a Funtua. Duk gari Saja ake ce masa. Kaka ma, mahaifiyarsa, ta ji daɗin sunan, don ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa na yanka.

Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. In mun tambaya, sai ya ce mu miƙo masa sifana. Amma duk ranar hutu yana gida, aljihunsa cike da alewa da ƙusoshi, ƙanana kuma suna hawa kafaɗarsa.

A kakar wata shekara Inna tana da ciki. Sai da na girma na san ta yi ɓari kafin wannan, har ungozoma ta hana ta aikin ƙarfi. Shi ya sa Baba ya jawo wani mataccen injin ban ruwa a amalanke, ya yi ta fama da shi a zaure har ya mai da shi injin niƙa. Ranar da ya tashi, kaji suka watse, mu kuma muka yi ta rawa cikin hayaƙi.

Sai dai Kaka ta ɗanɗana tuwon ta ture kwanon. Ta ce ƙarfe take ji a harshenta, ita ba za ta ci abin da mota ta tauna ba. Kun san suruka da kunya. Da zarar Baba ya tafi Funtua, Inna takan ja turmi ta daka wa Kaka nata garin, tana tsayawa tana dafe ƙugu.

Wata ranar Asabar ya dawo da hantsi ya same ta a haka. Bai yi faɗa ba. Ya jingine kekensa, ya naɗe hannun riga, ya karɓi taɓaryar.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane girman abin ba. A lokacin, magidanci da gemu ya yi daka a tsakar gida, sai ka ce rana ta fito daga yamma. Ga shi bai iya ba. Yana bugawa kamar mai kafa turke, dawa tana tsalle waje, kaji suna biki. Matan maƙwabta suka ji daka marar kan gado, suka leƙo ta kan danga.

"Sannu da aiki, Saja! Ko a soja aka koya maka?"

"A'a, Gwaggo, yau na fara. In kin ga kuskure ki gyara mini."

Kaka ta fito da carbi a hannu, ta tsaya cak.

"Kai! Ajiye wannan abu. So kake a yi da ni a bakin rijiya?"

Baba ya ce, "Garin turmi kike so, kuma za ki samu. Ita dai ba za ta daka ba. Ni ne ɗanki, ni ya wajaba in yi."

Kaka ta dubi kawunan da ke kan danga. Sannan ta dubi Inna, wadda ta zauna a kan tabarma tana haki, ta daɗe tana kallonta. Sai ta juya gare ni.

"Ke, kwashe dawar nan ki kai wa wancan dodon na zaure."

Da yamma ta cinye tuwonta tas, ta ce miyar ce ta yi daɗi.

Da sanyi ya shigo Inna ta sauka lafiya, namiji. Yau ƙanen nan nawa furfura ta cika masa gemu, Baba da Inna kuma sun daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansu. Yanzu kowace unguwa da injinta, jikokina ko riƙon taɓarya ba su sani ba. Kwanan baya na je Malumfashi duba matar ƙanen nawa da ba ta da lafiya, na iske shi tsugune gaban murhu yana dama mata kunu, duk ya yi gudaji. Na zauna na yi ta dariya har da hawaye, kuma ban karɓi ludayin ba.